Mota Mai Kunne Ɗaya

Zuwa ga Sande mai walda,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar bayan rabuwa, in ana tambayar irin wannan a inda kake. Na san ba za ka karanta takardar ga ba. Ko da ranka ma ba ka iya karanta ta, don da ajami nike rubutawa, shi kaɗai na tsira da shi daga makarantar allo kafin a ɗauke ni a kai ni gona, kai kuwa kullum cewa kake rubutunmu kamar kaza ta yi tono. To yau kazar ta zauna za ta yi tono, ka ji ko kar ka ji.

Da abin da ya daɗe shina cina zan fara. Wane irin mai sana'a ne zai kama aikin mutum, ya yi rabi, ya kama hanya? Ka yi wa motata madigadin hagu, ka bar na dama, ka tafi tafiyar da ba a dawowa. Duk shekarun nan da kake kwance, haka nike yawo da ita tsakanin Bagudo da Illo, gefe guda bututu lanƙwasasshe kamar bakan maharbi, gefe guda ruɓaɓɓen kwano ɗaure da waya. 'Yan kabu-kabu sunka sa mata mai kunne ɗaya, har sunan ya danne Shataɓo da ni da kai munka raɗa mata. In na tsaya tasha sai wani ɗan banza, wanda na ci naman sunan ubansa, ya ɗaga murya shina tambaya ko kura ce ta cinye ɗayan kunnen. Kai ka jawo mani wannan.

Amma ba kunnen ke hana ni zama wuri ɗaya ba. Abin da nike son sani tun ranar, wanda har yau ba mahalukin da ya amsa mani, shi ne ko kana fushi da ni ka tafi, da kuma inda anka kwantar da kai.

Bari in tuna maka yadda anka yi, don kai mai saurin mantuwa ne in magana ba ta yi maka daɗi ba. Damina ta gabato, na sayo manyan tayu na hannu daga tsallaken iyaka, masu haƙora, saboda fadamar hanyar Matsinkai. Tayun sunka fi ƙarfin madigadin da jif ɗin ta zo da shi. Ranar farko da na loda mata buhunan shinkafa shanshera, baya ya zauna, bakin kwano ya kama taya ya tsaga ta kamar wuƙa cikin kabewa. Na zo rumfarka ina zage-zage, kana ɓare gyaɗa kana dariya. Ka ce fanal-bita ba ya maganin wannan, kwano dai kwano ne. A cire na baya gaba ɗaya, a lanƙwasa bututun ƙarfe, a shimfiɗa falle bisa, a samu abin da ko kututture ta goga, kututturen ne zai ji jiki, kuma mutum ya taka ya hau ya ɗaure kaya. Na ce ni ban taɓa ganin irinsa ba. Ka ce abubuwan da ban taɓa gani ba suna da yawa, har da ƙeyata.

Ka aike ni bakin Kwara ɗebo yashi, ni da furfurata, ka ce ba na kan hanya ba, na gulbi mai laushi. Matarka, Maman Ngozi, ta tankaɗe shi da rariya, ta soya shi cikin kaskon da take suyar gari, tana mita wai ta auri mai walda ta ƙare da yi wa ƙarfe girki. Ka toshe bakin bututu da icce, ka riƙa ɗura yashin kana bubbuga gefensa da sifana har ƙarar ta mutu, sannan ka toshe ɗaya bakin. Ka ce bututu marar yashi cikin mayunwaci ne, da an tanƙwara shi sai ya naɗe. Daga nan sai wuta, sai tsohon rim ɗin tirela da ka kafe a gindin darbejiya, anka ja shi a hankali har ya zagayo.

A kan tazara munka yi faɗa. Ni na ce a sauko da shi kusa da taya, kar taɓo ya riƙa watso wa matan kasuwa da ke zama baya. Kai ka dunƙule hannu ka aza bisa taya, ka miƙe babban yatsa, ka ce daga nan ba ka saukowa ko da silin gashi, don taya tana hawa in mota ta faɗa rami da kaya. Na ce motata ce. Ka ce aikinka ne. Na ce tun kana tsotsar yatsa a garinku nike tuƙi. Ka ce shi ya sa motar ta riga ni tsufa. Mun saba da irin wannan, Sande, wace kasuwa ce ta ci ba mu yi ba? Amma ranar ba ka yi dariya a ƙarshe ba, kuma ba ka ƙwala wa mai shayi kira ba kamar yadda kake yi in munka gaji. Na tafi masallaci na bar ka, na dawo na iske ka ɗaure na hagu yadda ranka ke so. Ka ce in kawo ta bayan kasuwar Illo ka yi na dama. Na tada mota ban yi maka sallama ba.

Ruwa ya tare ni a Illo, rafi ya kawo, sai da na jira ya janye. Da na dawo na tarar da rumfarka a rufe. Mai faci na kusa da kai ne ya gaya mani, shina tsaye da tiyub a hannu, wai ka faɗi bayan tafiyata, an kai ka asibiti ba ka daɗe ba, 'yan ƙungiyar garinku sunka haɗu sunka ɗauki mota sunka yi kudu da kai. Mu in mutum ya cika da safe, kafin azahar ya shiga makwancinsa, kowa ya san wurin, in ka biyo ta maƙabarta ka ɗaga hannu ka wuce. Ku kuwa sai ku ɗauke mutum daga garin da ya ci rabin ransa, ku kai shi inda ba wanda ya san irin dariyarsa. Ban ce al'adarku ba ta da kyau ba. Cewa na yi ba a aiko mani ba. Illo ce fa, ba Makka ba. Waya tana aljihuna, kwalekwale shina ƙetarawa. Mi ya hana?

Ba inda ban kai tambayata ba. Na je wajen liman na ce wace addu'a ce ta halatta in yi maka. Ya gyara rawani, ya yi ta juyi wuri ɗaya kamar taya cikin laka, ya ƙare da cewa Allah shi ya san bayinsa. Wannan ai na sani tun kafin in zo. Na je wajen fastonku, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce kana wuri mai kyau. Na ce ni sunan ƙauyen nike tambaya da hanyar zuwa. Ya ce in tuntuɓi iyali. Laifinka ne wannan ma, kullum sai ka ce garinku na bayan Anaca, kamar bayan Anaca gida ɗaya ne. Iyalin kuwa, da Maman Ngozi ta gama zaman makoki ta dawo, na yi mata gaisuwa yadda ya kamata, na bari kwanaki sunka ja, na tambaya. Ta ce Oga Bawa, a bar kaza cikin gashinta. Ka ji Hausar da ta koya a hannun matata Kulu, da ita ta rufe mani baki. Daga nan duk sanda na ɗauko zancen sai ta miƙo mani lemo mai sanyi. Na sha lemon matarka har ya fita raina.

Ga labarin gida, in kana so. Rumfarka ta zama wurin cajin waya. An sare darbejiyar don a ja wayar lantarki, lantarkin kuwa har yau muna jiransa. Rim ɗin tirelar 'yan gwangwan sunka tone shi sunka auna a sikeli. Ngozi ta zama nas, ta yi aure, ta haifi namiji mai irin goshinka, Allah ya sa kar ya ɗauko bakinka. Maman Ngozi tana nan da shagonta, ta ƙi komawa kudu, ta ce ƙafarta ta saba da nan. Ɗana Nasiru ya yi ƙiba, shina sayar da kayan waya, ya fara yi mani magana a hankali kamar ana lallashin marar lafiya. Babura sun cinye mana fasinja, ba mai jiran jif ta cika, sai damina ta yi tsakiya in laka ta kai wa babur wuya, sannan a tuna Bawa direba na da rai. Gwiwata ta hagu ta fara ƙara kamar kulocin Shataɓo. Kulu tana gaishe ka. Ban gaya mata ina rubutun ga ba, amma na san da ta sani za ta gaishe ka.

Bana kunnen dama ya gaji. Muna gangarawa wajen shingen iyaka ya saki, ya bi taya, ya yi ƙara kamar an kifar da jeren amarya. Ma'aikatan wurin sunka yi dariya har da riƙe ciki, ɗaya ya tsinto shi ya miƙo mani da hannu biyu kamar tukuici. Da labari ya iso gida Nasiru ya zo ya durƙusa, ya ce Baba ka huta haka nan, a kira 'yan gwangwan su auna ta, ka zauna ka ja carbi. Na ce carbina shina rataye a madubin mota, can nike jansa. Ya ce to a kai wa Emeka, yaronka na da, wanda ya buɗe tasa rumfa tun kafin ka tafi. Emeka ya zagaya motar, ya ce yanzu ba mai zama shina soya yashi, a datse na hagun ma a yi duka biyu da ƙarfe mai kusurwa, su zo daidai, aikin yini ɗaya. Na ce duk wanda zai sa zarto a na hagu, ya fara da wuyana. Na karɓi aron ƙaramin injin waldarsa, na ɗauko janaretan Nasiru, na shigo da mota tsakar gida sai da na ture rabin danga.

Kar ka yi dariya. Na san kana yi.

Bututu na farko ban yi haƙurin bubbugawa ba, na ɗura yashi sama-sama na kai wuta, ina ja ya naɗe kamar gwiwar raƙumi. Na biyu kuwa, Kulu ta hana ni kaskonta, ta ce ita ba Maman Ngozi ba ce. Na shanya yashin a rana, na taɓa na ji ya bushe a hannu, na ce ai suyar nan iyayinka ne kawai. Na aro zugazugi wajen maƙera, na hura gawayi, na aza bututu. Sande, ban san ruwa na ɓuya cikin yashi haka ba. Toshiyar iccen ta fita da ƙara kamar bindigar toka, ta wuce gefen kunnena, ta fasa randar Kulu da ta zo da ita tun daga gidansu. Awaki sunka haura danga, maƙwabta sunka yi salati, 'yan banga sunka shigo da sanduna suna tambayar ina ɓarayin. Kulu ta tsaya cikin ruwan randarta ta ce ita direba ta aura, ba ta san da tsufa zai koma maharbi ba. Na ɗauki gindin randar da ya rage, na aza bisa murhu, na soya yashi a ciki da kaina har ya yi zafin da ba a taɓawa. Ka ga, ko ba komi na samu kasko.

Na uku ya lanƙwasu lafiya, amma ba irin naka ba. Rim ɗin da na samu ƙarami ne, gwiwar ta matse, in ka tsaya bayan mota sai ka ga kamar kunnen jaki da na zomo. Na yi ta zagaya ta, in zauna in tashi, tuwo ya huce a akushi. Ko yanzu da nike rubutun ga sau nawa na ajiye alƙalami na je na dubo ta na dawo, ban san mi nike nema ba. Daga baya dabara ta zo mani: in kwance naka in shimfiɗa shi a ƙasa, in kakkafa turakun ƙarfe a jikinsa, in ɗauke shi, sannan in bi turakun da nawa.

Na jiƙa notunan da baƙin mai, na kwance su. Da na zo ɗauka sai abu ya rinjaye ni har na dafa ƙasa. Na ce tsufa ne. Na ɗaga nawa da na riga na zazzage, na ji shi sakayau. Na sake ɗaga naka. Ko da fallen da ke bisa, nauyin ya wuce ƙa'ida. Na ɗauko sifana na bubbuga gefensa.

Ƙarar a mace take, Sande.

Na san wannan ƙarar, kai ka koya mani ita. Ni da na ce a fara da wuyana, ni na ɗauko zarto na yanke marfin da ka liƙe a bakin baya. Yashi ya zubo bisa ƙafata, yashin Kwara, wanda na ɗebo, wanda matarka ta soya, busasshe kamar jiya anka ɗura shi.

Kai ne fa. Kai da na gani da idona ka bi Emeka da bulala don ya bar ɗan yashi cikin ƙafar benci, kana ihu wai yashi a ciki shi ke kiran tsatsa, mai barinsa ba ma'aikaci ba ne, ɓarawon aiki ne. Kai da kake tsayar da bututu bisa kai, ka yi ta nausarsa da guduma, ka busa, ka leƙa, ka sake busawa. Yaya anka yi ka liƙe marfi a kan yashi cike?

Na zauna nan ƙasa, abubuwa sunka riƙa dawo mani ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da na gani ban duba ba. Ranar lanƙwasa ni kaɗai na ja, kai wuta kawai ka riƙe, kana zaune bisa benci, ka ce direba ya kamata ya ji nauyin kayansa. Bel ɗinka ya samu sababbin huji da ka huda da ƙusa. Idonka ya yi ɗorawa, na yi magana, ka ce hayaƙin walda ne. Da na dawo daga masallaci jak na gani ƙarƙashin madigadin, da shi ka ɗaga shi, kai da kake ɗaukar giyabos a ƙirji. Da za ka tashi sai da ka kama taya. Ba ka da ƙarfin tsayar da bututun ka zazzage shi, shi ke nan maganar. Kuma ina nan, ƙato da ni, taku kaɗan tsakaninmu, da ka ce Bawa ɗaga mani, da na ɗaga. Ka gwammace ka ɓata aikinka da ka bari in gane.

Ban wanke hannu ba na kwashe yashin cikin kwano, na tafi shagon Maman Ngozi, na ajiye shi bisa teburinta tsakanin sabulu da magi. Ban ce komi ba sai inda na same shi. Ta sa yatsu ciki ta murza. Ta sallami mai sayen ashana ba ta karɓi komi ba, ta zauna bisa akwatin lemo. Ta ce tun kafin azuminmu na shekarar likita ya gaya maka ciwon da ke cikinka ba na tashi ba ne, kuma ka sa ta dafa Littafinku ta rantse ba za ta faɗa mani ba. Ta ce ranar faɗanmu ka shigo gida kana dariya har tari ya sarƙe ka, kana kwaikwayon yadda na ja mota ban yi sallama ba. Ta ce a asibiti ka ƙara mata rantsuwa ta biyu, kar a kira ni, kuma kar ta kuskura ta gaya mani sunan ƙauyenku, don ka san halina, zan ɗauki wannan akwalar mai kunne ɗaya in kama hanyar kudu, in mutu a wani rami, Kulu ta riƙe ku da alhaki. Daga nan ta ce maganar har ta yi yawa.

To ka ji. Ba fushi ka yi ba. Shekara da shekaru ina ɗauke da fushinka a ƙirji kamar buhun gishiri, ashe dariya ka shiga gida kana yi. Ka zaci sanyi na ji? Wallahi da fushin ya fi mani sauƙi. Mai fushi ana ba shi haƙuri ko a bayan ransa. Wanda ya dube ka ya auna ka ya ga ba ka isa a gaya maka ba fa, shi yaya ake yi da shi? Wa ya naɗa ka mai yanke mani abin da zan iya ɗauka? Ni da na binne uwa da uba da ɗiya biyu, ciwonka ne zai kashe ni? Da ka faɗa, mi zai faru? Da na yi maka masifa, na sani. Da na ɗauke ka a motar nan na kai ka duk inda anka ce akwai magani, har Dahome, kana zagina ina zaginka. Da ko banza na yi maka sallama ranar.

Tunda abin ya zo ga faɗar gaskiya, karɓi naka. Tazarar da ka bari daidai ce. Duk shekarun nan tayar hagu ko ƙwarzane ba ta yi ba, ta dama kuwa kwano ya ci mani tayu har na bar ƙirga. Na faɗa, kar ka sa in maimaita. Kuma shekarar da Shataɓo ta nutse a fadama har ƙofa, ka zo da sarƙa a bayan babur, ka shiga laka har ƙirji, matsattsaku sunka manne maka a cinya, da munka fito ce maka na yi ka makara. Na gode nike nufi. Na ɗauka ka gane. Mutanen da nike gaisawa da su a garin ga ba su ƙirguwa, amma wanda zan zaga ya rama in ji daɗi, kai kaɗai ne, kuma tun da ka tafi bakina ya yi tsatsa.

Na koma gida na ƙarasa aikin. Na kafa turakun, na sayo bututu na huɗu, na bi sawunka gwiwa da gwiwa, ina zafafawa ina ja kaɗan-kaɗan, har ya kwanta cikin turakun kamar an haife shi nan. An ce icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi, to ga busasshe ya koyi tanƙwara ƙarfe. Dunƙulen hannuna bai kai naka ba, sai na auno tazarar hagu da karan dawa na kai dama. Waldar ce dai abin kunya, ɗigo-ɗigo kamar kashin kaji, kuma hasken ya shiga idona na yini ina hawaye kamar an watsa mani barkono, Kulu tana ɗiga mani madara tana faɗa. Amma na hau na yi tsalle a kai, bai motsa ba. Yashinka na mayar da shi inda na same shi, na liƙe marfin. Nawa ma ban zazzage ba, na bar shi ciki. Emeka ya ce kuskure ne, zai yi tsatsa. Na ce na sani, a wajen maigidanka na gani.

Na gwada ta ranar kasuwar Matsinkai. Na loda mata albasa da mata da kaji har ta yi nishi, na bi da ita ta fadama inda ramuka sunka fi muni, da gangan. Taya ta hau ta sauka, ba ta taɓa ba. Matan baya sun sha taɓo, sun yi mani Allah ya isa, wannan kam ni na yi gaskiya. Da na shigo tasha ɗaya cikin 'yan kabu-kabu ya ce Baba, ashe kurar ta mayar da kunnen. Nasiru ya zo da mai sikeli, na ce su sha ruwa su koma.

Ban sauke numfashi ba na wuce ƙofar shagon Maman Ngozi na danna ham. Ta fito tana goge hannu da zane, ta zagaya motar, ta shafa na hagu, ta shafa na dama, ta tsaya a na daman ta daɗe. Na ce mata sharaɗin ya faɗi, don mota mai kunne ɗaya ka ce, ga ta da biyu. Ta ce ita ba da ni ta yi rantsuwa ba, da kai ta yi, wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Ta shiga ta fito da lemo. Ban karɓa ba.

Ka ga inda ka ajiye mu? Ita ba ta iya faɗa sai ka sake ta, fasto ya ce iyali, liman ya ce Allah, Ngozi in na kira ta sai ta ce Baba Bawa ina cikin aiki. Kowa ya jingina a jikin wani, ƙarshen layin kuwa kai ne, kai ko ka yi kwanciyarka bayan Anaca ka ja ƙasa ka rufa. Ni ba wani abu zan yi a can ba. Ba zan tone ka ba. Zan tsaya da mota inda za ka gan ta, in nuna maka dama, ka faɗi abin da za ka faɗa a kan waldata, in yi maka sallamar da ban yi ba, in juyo. In na mutu a hanya, raina ne, kuma ba kai ke riƙe da shi ba.

Na duba mai, na duba ruwa, na ɗaure tayun safaya biyu. Gobe in Allah ya kai mu, da na fito sallar safe zan kai Shataɓo in gicciye ta a ƙofar shagon matarka, in zare makulli in sa aljihu, in shimfiɗa buzuna bisa madigadin dama. Mai sayen sabulu ya zagaya. Ba na tashi, ba na shan lemo. Yadda za ka yi ka sake ta, wannan ya rage naka, ko a mafarki ne, ko ta bakin fastonku, ko ka sa mata a zuci. Kai mai dabara ne, mutumin da ya ɓoye ciwo cikin bututu ba zai rasa hanya ba. Na gaji da magana ni kaɗai, Sande. Wani ya buɗe baki ya amsa mani, ina kunka kai shi?

Ka huta lafiya, amma ba kafin ka ba ni amsa ba.

Ni ne wanda ka bar wa rabin aiki,
Bawa direba, mai Shataɓo, Bagudo.